Yadda Ake Neman Gurbi a Gasar Tseren Babura ta Speedway Grand Prix

Mutum goma sha biyar ne kacal suke da gurbin dindindin a gasar Speedway Grand Prix kowace shekara, wato gasar da ake fitar da zakaran duniya a tseren babura na filin da'ira, wanda ake kira sifidwe. Na goma sha shidan baƙo ne da ake ɗauka domin dare ɗaya, kuma galibi ɗan ƙasar da ta karɓi baƙuncin wasan ne. A cikin goma sha biyar ɗin nan, wasu suna riƙe da gurbinsu ne saboda sun ƙare a sahun gaba a kakar da ta gabata, ɗaya yana shigowa da kambun zakaran Turai, wasu kuma masu shirya gasar ne suke zaɓensu bisa alfarma. A kakar 2025, alal misali, shida sun shiga ta ƙofar farko, Andzejs Lebedevs na Latbiya ya shiga a matsayin zakaran Turai, huɗu aka ba su alfarma, sauran huɗun kuma suka fito daga wasannin share fage. Waɗannan gurabe na ƙarshe, waɗanda a yawancin shekaru uku ne, su kaɗai ne, ban da gurbin zakaran Turai, mahayin da ke waje zai iya ƙwata da hannunsa ba tare da ya jira wani ya tuna da shi ba. Yadda ake bin wannan hanya, daga takardar izini har zuwa tseren ƙarshe, shi ne abin da zan bayyana, domin mai sha'awar hawa da kuma mai son ya bi wasan da fahimta.

Sai an san babur ɗin da filin kafin a fahimci dalilin da ya sa share fagen yake da tsanani haka. Babur ɗin sifidwe yana da inji mai silinda ɗaya mai girman cc 500, yana shan metanol a maimakon fetur, giyarsa ɗaya ce, ba shi da birki ko kaɗan, kuma doka ta ce nauyinsa kada ya gaza kilo 77. Filin da'ira ce mai kama da ƙwai, tsawonta tsakanin mita 260 zuwa 425, an shimfiɗa mata ƙasa mai haɗe da garin dutse. Mahaya huɗu ne suke tashi a kowane tsere, su kewaya filin sau huɗu suna karya kwana ta hannun hagu, abin da ba ya wuce kimanin minti ɗaya. Na farko yana samun maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na huɗu kuma ya tashi a tutar babu. Tunda babu birki, mahayi yana rage gudu a kwana ne ta hanyar sulala tayar baya gefe, ƙafarsa ta hagu mai sanye da takalmin ƙarfe tana jan ƙasa. Minti ɗaya bai ishi mutum gyara kuskure ba, shi ya sa ake shirya komai tun kafin a tayar da inji.

Matakin farko: izini, da amincewar hukumar ƙasa

Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, wadda aka kafa a 1904 kuma hedikwatarta take garin Mies a ƙasar Suwizalan, ita ce mai gasar, kuma ba ta karɓar sunan mahayi kai tsaye daga hannunsa. Kowane mahayi yana zuwa ne ta hannun hukumar ƙasarsa: PZM a Folan, SVEMO a Suwidin, DMU a Denmak, DMSB a Jamus, ACU a Birtaniya, AMA a Amurka, Motorcycling Australia a Ostireliya. Don haka abu na farko shi ne mallakar lasisin ƙasa, sannan lasisin FIM na kakar da ake ciki, wanda ba a bayar da shi sai da shaidar likita da inshora, kuma sai mahayi ya cika shekara 16 kafin ya hau babur mai cc 500 a gasar duniya. Wanda ya karɓi lasisin ya amince ke nan da gwajin ƙwayoyi masu ƙara kuzari da na barasa a duk lokacin da aka buƙata.

Lasisin kaɗai ba ya ba mutum wuri a layin tashi. FIM tana raba wa kowace ƙasa adadin gurabe a zagayen share fage, ƙasar kuma ta zaɓi waɗanda za ta tura, kuma a nan ne mafi yawan mahaya suke faɗuwa tun kafin duniya ta ji sunansu. Folan, wadda ta fi kowace ƙasa yawan ƙwararrun mahaya da ƙarfin lig, takan yi amfani da gasar Zloty Kask, wato Hular Zinariya, wajen tace nata 'yan takarar, kuma sau da yawa tsallake wannan gasa ta cikin gida ya fi tsallake zagayen duniya wahala. Ostireliya tana duba sakamakon gasarta ta ƙasa, wadda ake yi a watan Janairu lokacin da Turai take cikin hunturu. Wasu ƙasashen kuma shugabannin hukumar ne suke zaɓe bisa ƙwazon da mahayi ya nuna a lig. Shawarar da za a ba kowane mahayi a nan ita ce ya san ƙa'idar ƙasarsa tun kafin kakar ta fara, ya kuma ɗauki gasar tacewar da muhimmancin da zai ba wasan ƙarshe, domin wanda ya rasa ta sai ya jira shekara guda cur.

Ya kamata a lura cewa makomar mahayi tana ɗaure da ta hukumarsa. A 2022, bayan da Rasha ta kai wa Yukiren hari, FIM ta dakatar da mahayan Rasha, kuma Artem Laguta, wanda ya lashe kambun duniya a 2021, bai samu damar kare shi ba.

A san kalanda, a san filin

Akwai abu ɗaya da yake rikita masu kallo: share fagen da ake yi a wannan shekara na kakar baɗi ne. Wanda ya yi nasara a 2024, sai a 2025 ya hau Grand Prix. Zagayen farko akan yi su ne a watannin Mayu da Yuni, a filaye uku ko huɗu na ƙasashe daban-daban, kowanne da mahaya 16, sannan waɗanda suka ƙare a sahun gaba, galibi huɗu daga kowane zagaye, su wuce zuwa wasan ƙarshe da ake kira GP Challenge. A shekarun baya akwai matakin kusa da na ƙarshe a tsakani, kafin a taƙaita tsarin. Adadin masu wucewa yana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, musamman idan an ware wa mai masaukin baƙi gurbi, don haka wajibi ne a karanta takardar ƙa'idojin da masu shirya kowane zagaye suke fitarwa, wadda take ɗauke da lokacin rajista, lokacin binciken babura, lokacin gwaji da adadin masu tsallakewa.

Filayen da aka saba kai waɗannan zagaye ba manyan filayen da ake gani a talabijin ba ne. Abensberg a kudancin Jamus, wanda ya daɗe yana shirya nasa wasan ranar Litinin ɗin da ke biyo bayan bikin Fentikos na Kiristoci, da Lonigo da Terenzano a Italiya, da Zarnovica a Silobakiya, da Debrecen a Hangari, da Gorican a Kuroshiya, duk filaye ne na ƙananan garuruwa ko na ƙananan kulob, kuma kowanne da halinsa. Wani dogo ne mai faɗin kwana inda ƙarfin inji yake yanke hukunci, wani gajere ne mai matsatsiyar kwana inda iya sarrafa totur ya fi gudu amfani. Mahayin da ya saba da filayen Folan masu faɗi yana iya shan mamaki a ƙaramin fili mai tauri da santsi. Idan da hali, a je filin a yi gwaji ko a shiga wani ƙaramin wasa a can tun da wuri, in kuwa ba hali, a zauna a kalli bidiyon wasannin da aka yi a filin, ana rubuta ƙofar da ta fi cin tsere a farkon wasa da wadda ta fi ci a ƙarshensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan akwai gajiya, wadda ba a cika maganarta ba. Ƙwararren mahayi yakan hau wa kulob biyu ko uku a mako guda: Birtaniya ranar Litinin ko Alhamis, Suwidin ranar Talata, Denmak ranar Laraba, Folan ranar Juma'a ko Lahadi. Zagayen share fage yana faɗowa ne a tsakiyar wannan zirga-zirga, kuma dole a tsara tun da wuri wace mota ce za ta kai waɗanne babura ina, wane inji ne za a ajiye sabo daga hannun mai gyaran inji domin wannan rana, da kuma wane makanike ne zai tuƙa motar dare guda ya iso da sauran ƙarfin aiki.

Jadawalin tsere ashirin

Wannan jadawali shi ne zuciyar al'amarin, kuma a ganina yana cikin tsare-tsare mafi adalci da aka taɓa ƙirƙira a wasanni. Mahaya 16 suna yin tsere 20. Kowane mahayi yana fita sau biyar, kuma a cikin fita biyar ɗin nan yana haɗuwa da kowane ɗaya daga cikin abokan hamayyarsa 15 sau ɗaya tak, ba ƙari ba ragi. Babu wanda zai ce an haɗa shi da masu ƙarfi an bar wa wani masu rauni. Mafi yawan makin da mutum zai iya samu 15 ne, jimillar makin da ake rabawa a ranar kuma 120 ne idan kowa ya kammala tserensa, wanda ke nufin matsakaicin rabon kowane mahayi bakwai da rabi ne. Akwai kuma 'yan ko-ta-kwana biyu masu lamba 17 da 18, galibi 'yan gida, waɗanda suke maye gurbin wanda aka kora a layin tashi ko wanda ya janye.

Layin tashi an raba shi ƙofa huɗu, kowace da launin hular kwanonta: ja ga ƙofa ta ɗaya da ke can ciki, shuɗi ga ta biyu, fari ga ta uku, rawaya ga ta huɗu da ke jikin shinge. Kowane mahayi yana tashi daga kowace ƙofa sau ɗaya, ɗaya daga cikinsu kuma ya maimaita ta. Lambar da ƙuri'a ta ba mahayi ita ce take yanke masa tseren da zai shiga da ƙofar da zai tsaya, don haka da zarar an fitar da ƙuri'ar sai a zauna a zana ranar baki ɗaya. Mai lamba 1 yana fita a tsere na 1, 5, 9, 13 da 17, da tazara daidai wa daida, yana kuma samun ƙofar ciki sau biyu, a farko da ƙarshe. Mai lamba 13 kuwa yana fita a tsere na 4 daga ƙofar waje, nan take ya sake fita a na 5, sannan ya zauna har sai na 12. Wannan doguwar jira tana nufin filin da zai koma ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba, kuma makanikensa ba zai dogara da saitin da ya yi aiki a tsere na 5 ba. Mai kallo ma ya kamata ya yi irin wannan: ya sami takarda ya ja layi goma sha shida da gida biyar-biyar, yana cike maki bayan kowane tsere. Bayan tsere na 4, 8, 12, 16 da 20, kowa ya yi fita daidai da na kowa, kuma a waɗannan wurare ne kawai jerin maki yake faɗin gaskiya.

Ranar wasa

Ana farawa da rajista da binciken kaya. Jami'an fasaha suna auna nauyin babur, su duba salansa da kafireta da taya da abin tare ƙasar da ake ɗaurawa a bayan tayar baya, duk sai sun kasance irin waɗanda FIM ta amince da su, su duba hular kwano da rigar kariya, su kuma gwada igiyar da ake ɗaura wa a wuyan hannu, wadda take kashe inji da zarar mahayi ya rabu da babur. Kada a raina wannan mataki. A watan Satumba na 2023, an hana Bartosz Zmarzlik na Folan, wanda yake riƙe da kambun duniya kuma yake jan ragamar gasar, hawa Grand Prix na Vojens a Denmak saboda rigar da ya sa a lokacin gwaji ba ta dace da ƙa'ida ba. Shi yana da tazarar maki da sauran wasa a gaba, har ya lashe kambun a Torun makonni kaɗan bayan haka. Mahayin share fage ba shi da wani wasa a gaba da zai rama da shi.

Bayan gwaji sai a taka filin da ƙafa. Za a ga mahaya suna tafiya a hankali cikin kwana, suna soka sukundireba ko dunduniyar takalmi a ƙasa domin su ji zurfin laushinta da yawan ruwan da ta sha. Daga abin da suka ji ne ake yanke shawarar saiti: yawan haƙoran siforoket na baya, girman ramin man kafireta, lokacin tashin wutar fulogi, da nisan tayar baya daga inji. A fili mai tauri da santsi, babur mai ƙarfi fiye da kima yana juya taya a banza, don haka sai a rage masa zafi. A fili mai laushi da riƙo kuwa, tayar tana cafkar ƙasa har babur ya ɗaga gaba, sai a nemi saitin da mahayi zai iya riƙewa. Filin ma ba ya zama yadda yake. Tayoyi suna watsa ƙasar zuwa waje tsere bayan tsere, layin ciki ya bushe ya yi santsi, riƙo ya koma kusa da shinge, sannan bayan kowane tsere huɗu tarakta ta shigo ta gyara, motar ruwa ta yayyafa, komai ya sake sauyawa. Ƙofar da ta ci tsere uku a farkon wasa tana iya zama kabari a ƙarshensa.

Idan alƙalin wasa ya kunna agogo, mahayi yana da ƙayyadadden lokaci, wanda a al'adar wasan minti biyu ne, ya iso layin tashi a shirye, in ba haka ba a kore shi daga tseren. Ga abin da ake gani a wannan ɗan lokaci. Mahayi ya iso ƙofarsa, ya jingine babur a cinyarsa, ya fara tona ƙasa da takalmi a daidai inda tayar baya za ta zauna, yana tura sako-sakon ƙasa cikin ramin da wani ya bari, yana dannawa da dunduniya har ya yi tauri. Ya hau, ya gyara babur ɗin ya fuskanci inda yake so ya kasance a kwanar farko, jami'in layi ya kira su huɗun su matso har kusa da zaren tashi da aka miƙa a gabansu, ya ja da baya. Koriyar fitila ta kama. Injuna huɗu suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, yatsu biyu suna riƙe da kuloci, ƙirji yana kan kan babur, idanu kuma ba gaba suke kallo ba, suna kan ƙarfen da ke riƙe da zaren a gefen fili, domin shi ne yake fara motsi. Zaren ya tashi sama, kuma kafin a ƙirga uku an riga an isa kwanar farko. Wanda ya motsa kafin lokaci yana jawo wa kansa gargaɗi, wanda ya taɓa zaren kuwa an kore shi, makinsa sifili. Mafi yawan tsere a nan ake cinsa, tsakanin zaren da fitowa daga kwanar farko, kuma duk mahayin da yake son share fage da gaske ya kamata rabin atisayensa ya ƙare a kan tashi da kula da kuloci, wanda makanike yake kwancewa ya sanyaya ya goge bayan kusan kowane tsere.

Sauran dokokin kaɗan ne. Wanda tayoyinsa biyu suka tsallaka farin layin ciki an kore shi. Idan aka yi haɗari, jajayen fitilu suna kamawa, alƙali ya tsayar da tseren, ya kori wanda ya ga shi ne sanadi, a sake da sauran, sai dai idan cunkoson kwanar farko ne da ba a iya ɗora wa kowa laifinsa, a nan yakan mayar da su huɗun. Tuta rawaya mai baƙin gicciye tana nuna saura kewaye ɗaya.

Yadda ake tattalin maki

A nan ne nake ganin mahaya masu hazaƙa suke yawan yin asara. Ba a buƙatar cin kowane tsere kafin a tsallake. A bisa abin da na saba gani, maki 12 yakan wadatar a mafi yawan ranaku, 10 ko 11 kuma yakan jefa mutum cikin lissafi da tseren raba gardama. Mahayin da ya zo na biyu sau uku ya ci sau biyu yana da 12. Wanda ya ci sau uku, ya taɓa zare sau ɗaya, ya faɗi sau ɗaya wajen ƙoƙarin wuce wanda ba ya wutuwa, yana da tara, kuma zai koma gida duk da cewa ya fi kowa gudu a ranar. Sifili shi ne abokin gaba. Idan mutum yana na biyu a bayan wanda ya fi shi gudu, ya riƙe maki biyunsa ya rufe layinsa. Idan ya tashi a baya, ya yi yaƙi domin maki ɗaya kamar kambu ne, saboda wannan maki ɗayan ne sau da yawa yake raba na huɗu da na biyar da yamma ta yi. Idan sarƙa ta tsinke a kewayen ƙarshe, wannan ƙaddara ce, amma sarƙar da ba a duba ba da safe sakaci ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a ajiye ƙoƙari sai ƙarshe. Idan ruwan sama ya sauko ko filin ya lalace bayan an kammala adadin tseren da doka ta yarda da shi, ana iya tsayar da wasan a ɗauki sakamakon yadda yake. Hakan ya faru a gaban dubban 'yan kallo a Grand Prix na Warsaw a 2015, inda aka dakatar da wasa bayan tsere na 12 saboda matsalar fili da na'urar zaren tashi, aka ba Matej Zagar na Silobeniya nasara. Mahayin da ya ce zai rama a fitarsa ta huɗu da ta biyar yana iya rasa su gaba ɗaya.

Idan aka yi kunnen doki a kan gurbin tsallakewa, akan yi tseren raba gardama bayan tsere na 20. Don haka mahayin da makinsa yake kan iyaka kada ya cire riga, makanikensa kuma ya bar babur ɗaya a shirye da gefen taya mai sauran kaifi. Ya kamata wani a cikin tawagar ya riƙe takardar maki yana lissafi, domin mahayi ya san kafin fitarsa ta ƙarshe ko maki biyu sun ishe shi ko kuwa sai ya ci.

GP Challenge

Wasan ƙarshe yana bin wannan jadawali na tsere 20, amma kusan kowa a cikinsa ya riga ya tsallake tacewa biyu, kuma a cikinsu akan sami mahayan da suke cikin Grand Prix a wannan kakar, waɗanda suka shiga share fage domin su tanadi mafita idan suka gaza ƙarewa a sahun gaba. Akan yi shi a watan Agusta a yawancin shekaru, kodayake na 2024 an yi shi a Oktoba a Pardubice ta Jamhuriyar Cek. Masu cewa wannan hanya ta masu matsakaicin ƙarfi ce su duba tarihi. Jason Doyle na Ostireliya ya fito ta Challenge na Lonigo a 2014, ya zama zakaran duniya a 2017. Zmarzlik ya lashe na Rybnik a 2015, ya ƙare na uku a duniya a kakarsa ta farko, sannan ya fara tara kambu daga 2019. Laguta ya fito ta na Togliatti a 2017. Brady Kurtz na Ostireliya ya lashe na Pardubice a 2024, ya kuma ƙare kakar 2025 a matsayi na biyu, maki ɗaya tak tsakaninsa da Zmarzlik. A ɗaya gefen kuma wasan yana buɗe ƙofa ga wanda ba a zata ba, kamar Kim Nilsson na Suwidin da ya lashe na Glasgow a 2022. Wasu suna kukan cewa rana ɗaya ba ta isa a auna wanda ya cancanci kaka guda ba, amma ni ina ganin wannan shi ne ragowar ruhin tsohon tsari, wanda daga 1936, lokacin da Lionel Van Praag ya yi nasara a Wembley, har zuwa 1994 a Vojens, ake fitar da zakaran duniya a dare ɗaya bayan jerin wasannin tacewa na ƙasa da na nahiya. Da za a rufe wannan ƙofa, da gasar ta zama ta waɗanda masu shiryawa suka ga dama.

Wanda ya ƙare kusa da layin tsallakewa a Challenge kada ya ɗauka aikinsa ya tashi a banza, kuma saboda haka ne tseren raba gardama na neman matsayi na huɗu ko na biyar yake da nauyi. Ƙa'idar ita ce, idan wanda ya sami gurbi a Challenge ya kuma ƙare a sahun da ke riƙe gurbinsu a Grand Prix, to gurbinsa na Challenge yana gangarowa ga mai bi masa. A 2017 Patryk Dudek na Folan ya shiga cikin ukun farko a Togliatti, sannan ya ƙare kakar a matsayi na biyu a duniya, sai gurbin ya faɗa hannun Craig Cook na Birtaniya da ya zo na huɗu. Saboda haka mahayi na huɗu da na biyar sukan zauna suna bin sauran wasannin Grand Prix har ƙarshen kaka a Satumba ko Oktoba, suna ƙirga makin mutanen da suka doke su a Agusta, kuma sai an kaɗa tutar ƙarshe a wasan rufewa suke sanin ko za su fara neman masu ɗaukar nauyi da ƙarin makanike domin baɗi.